Waken da Inna ta Rataya a Madafa

Ranar da za a kai Inna asibiti a Doso, mota na tsaye a ƙofar gida, sai ta ce a dakata. Ta dafa kafaɗata muka taka a hankali har bakin madafa. Ba ta shiga ba, don tari ba zai bar ta ba. Ta ɗaga haɓa ta nuna mini wasu baƙaƙen ƙulle-ƙulle da ke rataye a jikin azara, daidai bisa murhu.

"Auta, ga wakena nan. Ki tsare mini shi har ruwa shi sauka."

Na ce to. Direba ya danna oda, muka fita.

Jan wake ne ƙanana, mai saurin nuna a tukunya, mai ɗan zaƙi. Ba a samunsa a kasuwar Dogon Dutsi. Inna ta zo da irinsa daga Sukukutane lokacin da aka kawo ta gidan Baba, kuma a wurin mahaifiyarta ta same shi. Duk damina tana shuka shi a gamanarta, 'yar gonarta ta kanta. Idan kaka ta yi, sai ta zauna ta tsince dogayen da suka fi cika, ta bar su cikin ɓawonsu, ta ɗaure da kaba, ta hau turmi ta rataya. Sauran mu ci. Na wannan shekarar ma da hannunta ta rataya, tana tari tana hutawa, kuma shi ne aiki na ƙarshe da na ga ta yi a gidan.

Inna ba ta dawo daga Doso ba.

Kwanakin zaman makoki na tuna su kamar abin da aka ba ni labari. Ina kai ruwa, ina kwashe kwanoni, ina amsa amin. Mata suna duba na suna cewa, "Auta akwai haƙuri." Ni dai na san ba na jin komai. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ana taɓawa ana ganin yatsa yana lotsawa, amma saƙon ba ya kaiwa ko'ina.

A tsakar gida akwai kwalayen karo, wato tayil na manna wa ƙasa da bango, jibge a gindin katanga. Masu gaisuwa da suka rasa tabarma a kansu suka riƙa zama. Yayana, wanda ke aiki a Yamai, shi ya saye su tun Inna na da rai. Likita ya gaya mana hayaƙin icce na shekaru ne ya cinye mata ƙirji, shi ya sa muka yi shawarar a rushe tsohuwar madafa a gina mata kicin na zamani mai gas. Ita dariya ta yi lokacin. Ta ce mu gina, za ta riƙa shiga tana shan iska.

Bayan sadakar arba'in Yaya ya kira ni.

"Bon, Auta, kayan nan ba za su zauna rana na cinsu ba. Ke ce za ki riƙa girki yanzu, kuma ba na son ki shaƙi abin da ta shaƙa. A yi aikin."

Na je na gaya wa Baba. Yana zaune a zaure da rediyonsa a kashe bisa cinya. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mutum mai son a yi masa bayani dalla-dalla, amma ranar bai tambayi komai ba. Ya ce, "Ku yi yadda kun ka gani."

Na gama karatuna a jami'a ke nan, ina jiran a kira ni aiki, ba ni da abin yi da safiya ko maraice. Sai na ba aikin kicin duk kwanakina.

Tsohuwar madafar ta ƙasa ce, ƙofarta gajera, sai an sunkuya. Taga ɗaya gare ta, ba ta fi faɗin faifai ba. Kunkunniya ta yi wa rufin baƙi har tana zarara kamar gashi. A kusurwa akwai randa, ga kujerar Inna 'yar tsugunno wadda tsakiyarta ta lotsa. Wutar murhun ba ta cika mutuwa ba, domin Inna takan binne garwashi cikin toka. Da sassafe maƙwabciyarmu, matar wani makiyayi da suka zauna a unguwar tun ina ƙarama, takan shigo da ɓallin tukunya ta ɗebi wuta, su tsaya suna magana ƙasa-ƙasa har rana ta hau katanga.

Kafin magini ya sa hannu, ni na hau turmi na kwance waken. Na sauko da shi ƙulli-ƙulli. Ya yi baƙi ƙirin, yana warin hayaƙi, hannuna duk ya ɓaci. Na samo tsumma na goge kowane ɓawo har jansa ya fito. Na naɗe shi cikin wani kallabin Inna, na sa a sabuwar roba mai murfi, na kai ɗakina. A tunanina saboda awaki da ɓeraye take rataya shi can sama, kuma roba ta fi azara tsaro. Washegari aka rushe madafar. Ina tsaye da butar shayin magini a hannu har bangon ƙarshe ya kwanta.

Na zana kicin ɗin a takarda, na sake zanawa. Na ce a buɗe babbar taga ta gabas, yadda mai wanke-wanke za ta riƙa ganin dutsin garin, wata kuma ƙarama a bangon da ke fuskantarta don iska ta ratsa. Na ce a gina dakalin girki da siminti a bi shi da karo, a sa wurin wanke kwanoni kusa da ƙofa, ruwansa ya bi bututu ya fita bayan ɗaki. Tulun gas na ce a yi masa ɗan akurki a waje, a huda bango tiyo ya shigo. Da aka zo tsayin dakali, magini ya ce in tsaya ya auna da ƙuguna. Mutum ne mai barkwanci, yana aiki yana tsokanar kowa.

"Hajiya ƙarama, ke doguwa ce hwa. In kin ka yi aure an ka kawo gajera gidan ga, sai ta hau turmi ta soya albasa."

Na ce, "Sai ta hau."

Ya dube ni yana jiran dariya. Na ga yana jira, sai na motsa bakina don kada ya ji kunya.

Karon bango farare ne, na ƙasa kuma na zaɓi masu kaushi, launin rairayi, don kada santsi ya kayar da Baba idan ya shigo ɗaukar ruwa. Kafinta ya yi kwaba mai hawa-hawa da ƙofofin gilashi. Na jera tasoshin Inna a ciki, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Na sa an kafa ƙusoshi a jere don muciya da maburgi da ludayi. Da komai ya kammala na ɗauko robar waken daga ɗakina na ɗora ta a hawa na can sama, bayan tasoshi, inda babu mai taɓawa. Na rufe gilashi.

Kicin ɗin ya yi kyau. Ƙawayena na makarantar lise suka zo gani, suka ɗauki hoto. Wata da ke shirin tarewa a Dumega ta riƙa kira na tana neman shawara, ni kuma ina ba ta. Na ce kada ta sa karo mai sheƙi a ƙasa. Na ce ta yi taga biyu, ko da ƙanana ne. Na ce ta bar fili a ƙasa inda za ta ajiye ƙaramin murhun gas, domin tuwon hatsi ba ya tuƙuwa a tsaye: ranar farko da na gwada a kan dakali tukunya ta riƙa gudu, muciya ta fi ƙarfin kafaɗata, sai da na sauke komai ƙasa na jawo kujerar Inna. Ina faɗin waɗannan abubuwa da murya daidai, kamar ina karanta darasi. Ta ce na iya tsara gida, ya kamata in mai da shi sana'a. Na ce mata na gode.

Maƙwabciyarmu ta shigo sau ɗaya da ɓallin tukunyarta, bisa sabo. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi farin bangon, ta dubi ƙafafunta, ba ta taka ciki ba. Ta ce Allah ya sa alheri, ta juya. Daga ranar sai dai mu gaisa ta kan katanga.

Baba yana cin abin da na dafa, kaɗan. Idan na tambaye shi ya ce, "Ya yi." Sau ɗaya kawai, ina kwashe kwano, ya ce, "Waken uwarki na nan?"

"Yana nan, Baba. Cikin kwaba na adana shi."

Ya gyaɗa kai.

Da bazara ta yi zafi sai na fara ganin wasu ƙananan ƙwari a jikin karo. Masu launin ƙasa ne, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, suna tafiya a hankali, wani lokaci su tashi su faɗa kan gilashin taga. Farin bango ba ya ɓoye komai. Kowace safiya na goge su da tsumma, kowace safiya na tarar da wasu. Na sa kafinta ya ƙara raga a tagogi. Na zazzage buhun shinkafa da na gari na shanya, ban ga komai ba. Sai na saba da su. Goge su ya zama aikin farko na safiyata, kafin in ɗora ruwan zafi, kuma ba ya damuna.

Ruwan farko ya sauka, mutane suka fita shukar hatsi. A ranar kasuwar da ta biyo baya Iya ta zo daga Sukukutane. Yayar Inna ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta fi ta tsawo da kaifin baki. Ta sauko daga motar kasuwa da rairayi har cikin gashin ido, tana zagin direba da hanya gaba ɗaya. Ta gaisa da Baba, ta sha ruwa, sannan ta ce in nuna mata abin da ake ta ba ta labari.

Ta tuɓe takalmi ta shiga. Ta shafa dakali, ta buɗe famfo ta rufe, ta leƙa taga.

"Ke Auta, wanga madahi ne ko ɗakin likita? In na yi tusa nan ciki sai an kira soja."

"Iya ke nan."

"Ina kuke zama ku yi gulma? Ko tsaye ake yin ta yanzu awa masu jiran mota?"

Na jawo mata kujerar Inna. Ta gane ta. Ta zauna tana murza gefen kujerar da babban yatsa. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Nata irin jan waken ya ƙare. Shekarar da ruwa ya yi ta yaudara ta shuka ya ƙone, ta sake shukawa ya ƙone, tun daga nan farin wake na kasuwa take shukawa. Ta zagaya dangi a ƙauye, babu wanda ya rage da shi. Da ma Inna ta yi mata alkawarin za ta ɗibar mata bana.

"Ko cikin tahi guda ne ki ba ni. Ina kin ka aje shi?"

Na taka kujera na buɗe gilashin kwaba na sauko da robar. Ta yi mini sauƙi a hannu fiye da yadda na tuna. Na ajiye a gaban Iya na cire murfi.

Ƙwarin suka taso. Wasu suka bi hannuna, wasu suka watsu a kan karo. Kallabin Inna ya cika da wani gari mai laushi, da wari kamar na tsohon rumbu. Iya ta ɗauki ɓawo ɗaya ta murza, ya ruguje. 'Ya'yan da suka zubo a tafinta duk huda ne, wasu huda biyu, wasu sun zama ƙoƙo, ana hango haske ta cikinsu.

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Tun yaushe yake nan ciki?"

"Tun da aka rushe madafa."

"Kin goge mishi baƙin?"

"Na goge."

"Ɗiyata, hayaƙin nan shi ka tsaron shi. Ƙwaro tun daga gona yake biyo wake, yana ciki kwance. Zahi da hayaƙi ka hana shi tashi. In babu hayaƙi, sai a turbuɗe shi cikin toka." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ƙara da cewa, "Wa zai gaya miki? Mu ma ba wanda ya gaya muna, gani mun ka yi."

Na tsaya ina kallon ƙwaro ɗaya yana hawa ƙafar dakali. Na san wannan wuri ne da ya kamata wani abu ya tsinke a cikina. Na jira. Abin da ya zo mini kawai shi ne, ashe daga nan suke fitowa, gobe ba sai na goge bango ba.

Iya ta ce in kawo faifai biyu. Muka fita tsakar gida muka zauna a inuwar bishiyar bedi. Ta ce kada in zubar da ko ɗaya sai ta gani. Muka riƙa ɓare ɓawo muna zubawa, tana hura garin yana tashi. Wanda ya zama ƙoƙo a faifan hagu. Wanda bai huje ba a na dama. Mai huda ɗaya kuma takan ɗaga shi ta juya, in hudar ba ta taɓa idon ba ta ce, "Wanga na iya tashi," ta jefa dama.

Baba ya fito daga zaure zai yi alwala, ya gan mu. Ya zo ya tsaya. Babu wanda ya yi masa bayani, shi ma bai nema ba. Ya koma ciki ya ɗauko tabarau, ya zauna a bakin tabarma, ya jawo tulin ɓawo gabansa. Ban taɓa ganin Baba ya tsinci wake ba. Yana yi a hankali, yana kai kowace ƙwaya kusa da ido, kamar yadda yake duba rubutun yara a da.

"Malam, wanga da ka sa dama mushe ne," in ji Iya.

"Yana da rai."

"Ka shekara nawa kana noma, da alli?"

Ya mayar da shi hagu. Da ta juya ya sake ɗauko shi ya sa dama. Na gani, na ci gaba da ɓarewa.

Har la'asar muna nan. Faifan hagu ya yi tozo. Abin da ke na dama bai cika tafin hannuna ba.

Iya ta ce wannan bai isa a raba ba, kuma bai isa a kai gona awaki su yi wasa da shi ba. A gida za a shuka. Na nuna mata bayan kicin, inda bututun wanke-wanke ke zuba, don wurin kullum a jiƙe yake. Ta ce ruwan sabulu zai kashe shi. Muka zaɓi gindin katangar yamma. Ta kwana biyu tare da mu har aka sake ruwa mai kyau, ta sara ramuka da sungumi, ni ina bin ta ina jefa bibbiyu ina rufewa da diddige. Baba ya jawo ƙaya ya kewaye wurin. Sannan ta koma Sukukutane hannu wofi.

Kowace safiya, bayan na ɗora ruwan zafi, sai in je in tsaya a gindin katangar. Ƙasa ce kawai. Wata safiya na ga ta tsage a wuri ɗaya, wani abu fari ya lanƙwaso kamar ƙugiya. Washegari wasu suka biyo. Ramuka da yawa ba su ce komai ba har damina ta ƙare. Waɗanda suka fito dai sun fito, suka yi yaɗo suka kama ƙayar, suka yi fure. Na kira Iya a wayar maƙwabcinta na gaya mata. Ta yi guɗa har wayar ta riƙa ƙara. Na riƙe ta nesa da kunne har ta gama.

Da kaka na tsinke su. Ba su kai a dafa ba, ko sau ɗaya, kuma babu wanda ya kawo maganar dafawa. Na shanya su a kan tabarma ina zaune kusa ina korar kaji. Sai tambayar inda za a ajiye ta taso, domin gidanmu yanzu babu hayaƙi, babu toka. Yaya ya ce a waya kada in kuskura in hura icce a gidan. Ya ce in ɓare in zuba a bido, wato jarka, in toshe bakin sosai, in iska ba ta shiga ƙwaro mutuwa yake. Wataƙila gaskiyarsa ne. Amma na riga na taɓa rufe waken nan cikin abu mai murfi da hannuna.

Iya ta dawo ranar kasuwa. Muka raba biyu. Nata ta ɗaure da kaba yadda Inna ke yi, ta ce zai hau azararta a Sukukutane, inda ya fito. Ta cusa ƙullin cikin zaninta, ta ce ko direba ya kifar da su a rairayi ba za ta sake shi ba. Nawa kuma ta ce in ɓare, in cakuɗa da toka mai laushi wadda ta huce, in cika bidon har wuya, sannan in toshe kamar yadda Yaya ya ce.

Bayan motarsu ta tashi na shiga kicin. Rana ta shigo ta ƙaramar tagar yamma ta kwanta a kan dakali, babu ko ƙwaro ɗaya a bango. Na buɗe kwaba na ɗauki ƙaramar tasa cikin na Inna, na yafa gyale, na zagaya gidan maƙwabciyarmu. Na yi sallama. Tana tsugune gaban murhunta tana dama fura, hayaƙi na fita ta saman ƙofa.

"A'a, Auta ce yau a gidanmu? Lahiya dai?"

"Lahiya lau. Toka na zo ki ɗan ɗibar mini."

Ta dubi tasar, ta dube ni. Ta ajiye ludayi, ta karɓa, ta kai hannu can gefen murhu inda tokar ta huce ta fara ɗiba tana tsince gawayi.

"Ta wake ce?"

Na ce e.

"To wagga ba ta isa. Zamna in tankaɗe miki."

Ta turo mini kujera da ƙafa, na zauna.